Gawayi A Tafin Hannuna

Tun da na ba ku labarin yadda Nassoro ya biyo ni shagon ɗinkinmu a Tanga cikin ruwan sama, takalminsa a hannu, saƙonninku ba su daina shigowa ba. "Riziki, ki riƙe shi." "Riziki, irinsa ba ya zuwa sau biyu." Na gode. Amma ku karanta na yau tukuna kafin ku sake yi mini nasiha. Ni ma ban fito fes a cikinsa ba.

Ga waɗanda yau suka iske mu: tela ce ni, shekaruna ashirin da takwas, kuma an taɓa sa mini rana aka fasa. A unguwarmu wannan kaɗai ya isa mata su sassauta murya idan na wuce. Nassoro yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Dar es Salaam. Bayan ƙaramar salla mahaifiyarsa, Bi Zuwena, ta aiko in je tsibirin Unguja hutun kwana huɗu, wai in sha iskar teku. Kowa ya san ba iska za a sha ba. Ni za a ɗaga a rana kamar yadi, a duba ko akwai huji. Aka haɗa ni da ƙanwar babana, Shangazi Tatu, ta zama idon gidanmu.

Ranar kwana na biyu, tun kafin in gama shafa kwalli, saƙon Mama ya shigo: "Kada ki yi dariya da ƙarfi. Kada ki riga kowa sa hannu a abinci. Wannan karon ki dawo mana da labari mai daɗi, don Allah."

Na sa doguwar rigata ruwan hoda wadda na ɗinka da hannuna, na ɗora baƙar abaya. Bi Zuwena ta ba ni sabon zanen kanga mai furen kanumfari da kwandon kaba mai murfi, ta ce na kakar Nassoro ne.

"Ki riƙe shi da kyau," ta ce. "Ba kowa nake ba shi ba."

Shangazi ta mintsine ni a cinya. Ma'anar mintsinin: mun ci rabin jarrabawa.

Nassoro ya aro motar kawunsa, muka nufi gandun dajin birai. Yana sanye da farar jallabiya mai dogon hannu, sai ƙamshin turaren itace yake. Malamin dajin da aka haɗa mu da shi sunansa Pandu, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ya shiga da mu ƙarƙashin itatuwa, ya ɗaga hannu, muka tsaya. Sai ga biran a kan reshe daf da kawunanmu: jan baya, farin gashi tsaye a ka kamar tsoffin da aka tasa daga barcin rana, fuska baƙa, leɓe ruwan hoda.

"Kai, wannan ai mijina ne marigayi," in ji Shangazi. "Har hararar."

"Shangazi, kada ki matsa," in ji Pandu yana murmushi. "Kuma kada kowa ya ba su komai. Musamman nunannen ɗan itace. Cikinsu ba ya ɗaukar zaƙi, kumbura yake. Ganye suke ci, da ɗanyen abu. Idan ganyen ya dame su, sai su shiga ƙauye su saci gawayi a murhun mutane su tauna. Shi ne maganinsu."

"Biri da gawayi," in ji Bi Zuwena. "Kamar mai sabon ciki."

Aka yi dariya. Ni na yi tawa ƙasa-ƙasa, yadda Mama ta ce.

Muna fitowa bakin dajin sai ga wani tsoho ya taho da adda a hannu ɗaya, ɗanyar kwakwa cizajjiya a ɗayan. Ya jefa ta gaban Pandu.

"Ga aikin 'ya'yanka. Bishiya huɗu yau. Kai kana kai baƙi suna ɗaukarsu hoto, ni ina noma musu. Wallahi wata rana sai na bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Shikamoo, Mzee Kombo," in ji Pandu.

"Riƙe gaisuwarka."

Ya juya ya tafi yana mita. Pandu ya ce mana duk mako sai ya faɗi haka, shekara goma ke nan, kuma ko dutse bai taɓa jifansu da shi ba. Ya nuna mana gonarsa, ita ce ke manne da dajin.

Bi Zuwena ta zauna a benci ta ce ƙishi take ji, ruwan ɗanyar kwakwa take so, ba na kwalba ba. Nassoro ya ce akwai masu sayarwa a mararraba. Ya dubi Shangazi.

"Ko Riziki za ta raka ni ta zaɓo?"

Shangazi ta duba agogonta. "Minti goma. Na goma sha ɗaya ina kan hanya da takalmi a hannu."

Wata takwas muna tare, wannan ne karo na farko da muka shiga mota mu biyu. Zuciyata tana bugawa, amma bugun daɗi. Ku tuna da wannan, don shi ne daɗi na ƙarshe a ranar.

A kan kwalta an yi tuddai don a rage gudu saboda birai masu tsallakawa. Nassoro ya ce za su cinye mana minti goman, ya karkata ya bi wata hanyar ƙasa ta gefen gonaki wadda aka hana motoci bi. Ya taka mota. Yana tuƙi yana kallona.

"Mama ta ba ki kwandon Bibi, kakata. Kin san me ke nan?"

"Ka dubi hanya."

"Hanyar nake kallo."

Wani abu ja ya faɗo daga shinge. Na ji ƙarar a ƙarƙashin ƙafafuna, ba babba ba, kamar an yar da buhun gari.

Muka fito. Birinya ce, kwance a gefe, hannunta ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Yatsu huɗu. Na tsaya ina ƙirga su kamar wawiya har suka daina motsi.

"Mu kira Pandu," na ce.

"Ki yi shiru in yi tunani." Ya dubi gaba, ya dubi baya. Ba kowa. "Kin san abin da ake yi wa wanda ya kashe wannan? Kotu. Sunana a takarda. Aikina ya tafi. Motar ma ba tawa ba ce. Ga hawan jinin Mama."

"Amma ba da gangan ka yi ba."

"A hanyar da aka hana bi? Riziki, ki taimake ni."

Ya kama ta ta wutsiya da ƙafa, ya lilo ta, ya wurga ta bayan shinge cikin gonar kwakwa. Sannan ya ɗauko gorar ruwa ya durƙusa yana wanke gaban motar.

Har yau ina tambayar kaina: ya san gonar wa ce? Pandu ya nuna mana ita da yatsa. Amma mai tsoro ba ya ganin komai sai shinge mafi kusa. Na fi so in yarda bai sani ba. Ban tabbata ba.

Yana can durƙushe na ji wani ƙaramin sauti a cikin ciyawa, kamar ƙyauren da ke son mai. Na leƙa. Jinjiri ne, bai kai tafin hannuna biyu ba, baƙi da fari, ko jan bayan bai fara ba. Buguwar ce ta cillar da shi. Na miƙa hannu, ya cafke yatsana ya ƙi saki.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na naɗe shi a sabon kangan, na sa shi a kwandon kakar Nassoro, na rufe. Na san idan ya gan shi, shingen nan zai bi.

"Ba abin da ya faru," in ji Nassoro da muka shiga mota. Ya naɗe hannun jallabiyarsa na dama har gwiwar hannu. "Kin ji? Mun je, mun sayo kwakwa, mun dawo."

Muka sayo kwakwa, muka dawo. Minti goma sha tara. Shangazi ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga abayata a daidai, ta ƙyale.

Daga nan aka ce sai tsohon gari. Awa guda a mota, kwando a cinyata, hannuna a kan murfi. Duk lokacin da na ji motsi sai in yi tari. Da aka isa, Bi Zuwena ta shige gaba cikin lungunan nan da ba sa ɗaukar mutum uku a jere, tana nuna mini ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla, tana faɗin gidan wa da wa ne, wa ya auri wa. Muka shiga tsohuwar ganuwa, muka tsaya a bakin teku inda jiragen filafilai ke shigowa. Mutane na cewa wurin yana da kyau. Ni abin da na gani kawai 'yan sanda biyu ne a bakin kasuwar kifi, da wani kare da ya biyo ni yana shinshina kwando har sai da Nassoro ya kore shi.

"Kawo in riƙe miki," ya ce.

"A'a."

"Mama na kallonki. Ki saki fuska."

Wayata ta yi ƙara. Shi ne, yana tsaye kusa da ni amma ya rubuto: "Ina sonki. Yau kin nuna mini ke matar rufin asiri ce." Na karanta sau biyu. Wata takwas ina jiran ya rubuta kalmomin farkon nan, sai ga su sun zo ɗaure da na biyun.

Da azahar muka koma gidan Bi Zuwena, tsohon gida mai hawa biyu da tsakar gida a buɗe. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafar pilau da miyar kifin teku mai kwakwa. Ƙamshin da ya kamata ya sa ni yunwa sai ya tayar mini da zuciya. Na ɗauki ayaba ɗaya, na ce zan kewaya, na tafi da kwandon.

A banɗaki na buɗe. Idonsa a rufe, bakinsa yana neman nono a jikin zane. Na murje ayabar da yatsa, nunanniya lugub, na sa masa. Ya tsotsa. Na ƙara. Na ji daɗi har na ce masa, "Yauwa, ɗan kirki." Sai da na wanke hannu maganar Pandu ta faɗo mini. Nunannen ɗan itace. Na jingina da bango.

Na koma na zauna. Na tsakuri shinkafa. Bayan minti goma na sake tashi. Cikinsa ya fara tashi, ya yi tauri kamar lemon tsami. Na dawo. Na sake tashi.

"Ke, lafiya?" in ji Shangazi a kunnena. "Sau uku ke nan. Kuma ki ajiye kwandon nan, kin manne shi a ciki kamar za a ƙwace."

"Jirgin ruwan jiya ne bai sake ni ba."

 Bi Zuwena kallona kawai take, tana juya cokali a shayi.

Sai wayarta ta yi ƙara. Pandu ne ya turo hotunan da ya ɗauke mu, da saƙon murya. Ta kunna a fili don kowa ya ji.

"Bi Zuwena, ku yi haƙuri da damuwa. Bayan tafiyarku an tsinci birinya matacciya a gonar Mzee Kombo. Mai shayarwa ce, ba a ga ɗan ba. An tafi da tsohon zuwa ofis, ana tambayarsa. Tun da kuna wurin lokacin da ya yi maganar nan, za a so wani daga cikinku ya faɗi abin da ya ji. Ni dai ban yarda shi ne ba, amma a gonarsa take."

 Ina jin hankaka a kan rufi.

"Mugun tsoho," in ji Shangazi. "Da addarsa fa ya zo."

"Mun ji shi kam," in ji Nassoro. Bai ɗaga kai daga faranti ba. "Duk mun ji."

Bi Zuwena ta juyo. "Riziki, ke kin fi kusa da shi. Me ya ce?"

Ku lura da wannan, don a nan ne na faɗi. Ba wanda ya ce in yi ƙarya. Tambayar da aka yi mini tana da amsa ta gaskiya.

"Ya ce wata rana sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya."

Kowace kalma haka ya faɗe ta. Ban ƙara ba, ban rage ba. Kuma ban taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba a rayuwata. Nassoro ya sauke numfashi, ya ɗebi miya.

Aka kwashe kwanuka. Nassoro ya hau sama, Shangazi ta miƙe a tabarma. Ni abu ɗaya ke kaina: gawayi. Pandu ya ce shi ne maganinsu. Na saci jiki na shiga ɗakin girki. Murhun yana kusurwa, ya huce. Na tsuguna, kwando a cinya, na zaɓi ƙaramin gawayi. Ya yi tauri, jinjiri ba zai iya ba. Na rasa abin daka shi ba tare da ƙara ba, sai na sa a baki na gatsa da haƙori.

"Wata nawa?"

Bi Zuwena ce a bakin ƙofa. Ta janyo ƙyauren ta rufe a bayanta.

"Mama?"

"Kada ki ce mini Mama tukuna. Na haifi biyar. Ba kya cin abinci, ƙamshin miya yana tayar miki da zuciya, banɗaki sau uku, kin rufe ciki da kwando tun safe. Yanzu ga ki tsugune kina cin gawayina." Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ban tsoro. "Wata nawa, kuma na wa ne?"

Na buɗe baki, baƙin gari ya zubo a kan rigata ruwan hoda.

Ƙofar ta buɗe. Shangazi ce, ta ji. Ta dubi bakina, ta dubi hannuna, ta dafa bango.

"Riziki. Me zan gaya wa yayana?"

"Shangazi, wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Bi Zuwena ta leƙa tsakar gida ta kira ɗanta. Ya sauko yana gyara hula. Ta nuna ni da haɓa.

"Naka ne?"

Ya ɗauki lokaci kafin ya gane. Da ya gane, fuskarsa ta canza. "Mama, ban taɓa ko riƙe hannunta ba."

"Na yarda. To ka ji abin da ka kusa kawo mini gida."

Na dube shi. Shi kaɗai a duniya ya san abin da ya hana ni cin abinci a ranar. Bai san da jinjirin ba, amma ya san abin da na gani, ya san dalilin halin da nake ciki. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa: Mama, ba ciki ba ne, tsoro ne, ni na jawo. Na ba shi lokaci. Na ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, har bakwai. Ya dubi murhu.

A cikin bakwai ɗin nan na ga komai. Na ga jirgin komawa Tanga, na ga fuskar Mama, na ga matan unguwa da ba za su ma ƙara sassauta murya ba. Karo na biyu, kuma da wannan suna.

Na ɗora kwandon a ƙasa na cire murfin.

Jinjirin ya fito da kai daga cikin furannin kanumfari, ya yi kukan ƙyauren nan nasa. Shangazi ta ja da baya tana salati.

"Uwarsa ce a gonar tsohon," na ce. "Mota ce ta buge ta. Na ba shi ayaba, cikinsa ya kumbura. Gawayin nasa ne."

"Wace mota?" in ji Bi Zuwena.

"Mama, ni ban san inda ta samo wannan abin ba," in ji Nassoro.

Wannan jimlar, 'yan uwa. Da ya mare ni da ya fi sauƙi.

Bi Zuwena ba ta dube ni ba. Ta taka zuwa gaban ɗanta, ta kama hannunsa na dama.

"Tun safe nake mamaki. Ɗana da ba ya fita sai an goge masa jallabiya sau biyu, yau yana yawo a gari da hannu ɗaya a naɗe."

Ta warware naɗin a hankali, ninki bayan ninki. A na ƙarshe ga shi nan: busasshen jini ya yi ruwan ƙasa, da jajayen gashi uku huɗu manne a zare.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta saki hannun kamar ta taɓa abin da ba nata ba.

"Tsohon nan sa'an babanka ne," ta ce. "Ɗauko makulli. Kai za ka tuƙa, kai za ka yi magana idan mun isa. Kuma ta kan kwalta za ka bi."

"Mama, aikina..."

"Makulli."

Ta kira Pandu ta ce a dakata da tsohon, muna tafe da ɗan birin da kuma wanda ya san yadda aka yi. Pandu ya ce kada a ƙara ba shi komai, ko gawayin, a dai rufe shi ya ji ɗumi. Ta ɗauko wani tsohon kanga mai laushi ta ƙara masa da hannunta.

A mota Shangazi ta zauna gaba. Ni da Bi Zuwena muna baya, kwandon a tsakaninmu a buɗe. Rana ta karkata, inuwar bishiyoyin kwakwa tana yanka hanya. Jinjirin ya riƙe yatsana. Riƙon bai kai na safe ƙarfi ba.

Bi Zuwena ta ciro hankici ta miƙo mini. "Goge bakinki." Na goge. "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Wannan nawa ne, zan nemi yafiyarki a gaban shangazinki, da ta mahaifiyarki in ta kama."

Hawaye suka cika mini ido. Na ɗauka an gama. Na ɗauka ni ce mai gaskiyar labarin.

Sai ta matso, ta yi ƙasa da murya yadda na gaba ba za su ji ba.

"Amma ki gaya mini abu ɗaya, 'yata. Da na tambaye ki a kan tabarma, tsohon yana can a tsare, kwandon yana cinyarki. Ba ki buɗe ba. Sai da aka taɓa sunanki." Ta gyara wa jinjirin zane. "Da ban same ki a murhu ba, yaushe za ki buɗe?"

Na nemi amsa. Na nema da gaske, har ƙasan zuciyata, ban tarar da ranar ba.

Motar ta hau tudun farko na bakin daji, a hankali ƙwarai. Daga nesa na hango ofishin, da wani tsoho zaune a benci ba hula, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Nassoro ya kashe mota amma bai buɗe ƙofa ba. Idonsa ya sami nawa a madubi.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Mama ce.

"Yaya, 'yata? Sun ga halinki?"